Sayar Da Hukumomin Gwamnati Da Janye Tallafi: Ina Matsayin Mazaunin Da Ba Ɗan Asalin Jiha Ba?

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi ya gabatar a babban taron ƙungiya





Da aka sanar cewa kwamitinmu zai yi magana a kan sayar da hukumomin gwamnati da janye tallafi, wani dattijo daga cikinmu ya tare mu a bakin masallaci ya ce, "To ku me ya haɗa kifi da kaska? An naɗa ku ne don ku bi mana kadin rumfunan da ake rushewa da yaran da ake kamawa, ina ruwanku da zancen masu boko?" Muka ce da shi, "Baba, a yi mana haƙuri zuwa ranar taro." To yau ga ranar ta zo. Abin da muka lura da shi a 'yan shekarun nan shi ne, ƙorafin da ya fi yawa a teburin kwamiti ya tashi daga na kame da rusau, ya koma na takardar kuɗin wuta, da kuɗin makaranta, da kuɗin da ake cewa a ajiye kafin likita ya taɓa majiyyaci. Duk waɗannan kuwa suna da tushe guda, wato shawarar da aka yanke tun shekarun 1980 cewa gwamnati ta janye hannunta daga hidimar jama'a ta bar wa kasuwa.

Bari mu ɗan koma baya, saboda matasan da ke nan ba su ga zamanin ba. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE a duk faɗin ƙasa. A Legas kuma, tsakanin 1979 da 1983, Alhaji Lateef Jakande ya gina makarantu da gidaje masu sauƙin kuɗi, kuma akwai mutane zaune a wannan zaure waɗanda a waɗancan azuzuwa suka koyi karatu ba tare da iyayensu sun biya kobo ba. Tunanin wancan lokaci shi ne, ilimi da magani da ruwa da wuta nauyi ne a wuyan hukuma. Har ya kai a 1978, ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin ɗaliban jami'a na yini ya tayar da zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya.

Sai dai kada mu yi wa zamanin kwalliyar da ba ta same shi ba. Wanda ya taɓa neman layin tarho a NITEL ya san wuyar da ake sha, sai kana da wani a ciki ko kuwa ka ba da na goro, sannan ka jira shekara da shekaru. NEPA da aka kafa a 1972 ta zama abin zolaya a bakin yara. Hukumomin nan sun zama gonar manyan ma'aikata da 'yan kwangila, kuma kuɗin mai ne yake rufa musu asiri. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai asirin ya tonu. Gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, bashi ya yi katutu, masu bin mu bashi kuma suka ce ba za su saurare mu ba sai mun daidaita da hukumar IMF.

A nan ne siyasar al'amarin ta fara fitowa fili. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara ya ce 'yan ƙasa su faɗi ra'ayinsu kan karɓar rancen IMF. Jama'a suka ce ba su so, gwamnati ta sanar a watan Disamba cewa ta ƙi rancen, aka yi ta tafi. Ba a yi shekara ba, a Yulin 1986, sai ga shirin ta-da-komaɗar tattalin arziki, wato SAP, ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ce an ƙi: karya darajar Naira, rage tallafi, rage ma'aikata, sayar da kamfanonin gwamnati. A 1985 Naira ɗaya ta ɗan fi dala ɗaya daraja, a 1987 sai da Naira 4 ake samun dala ɗaya. A 1988 aka kafa dokar soja mai lamba 25 kan sayar da kadarori, aka ɗora Dokta Hamza Zayyad a kan kwamitin da zai gudanar da aikin. A asibitoci kuma aka shigo da tsarin biyan kuɗin kati da na magani, musamman bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987. Boren ƙin jinin SAP na 1989 bai sauya alƙiblar ba. Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sai aka ci gaba da aikin ta hannun hukumar BPE, wadda Malam Nasiru el-Rufa'i ya shugabanta zuwa 2003, da majalisar sayar da kadarori wadda mataimakin shugaban ƙasa Atiku Abubakar ke jagoranta a lokacin.

Iskar ba daga nan ta taso ba. A Ingila Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, ta sayar da kamfanin tarho a 1984, na iskar gas a 1986, na ruwa a 1989, daga baya wanda ya gaje ta ya sayar da jiragen ƙasa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, abin da yake na kowa ba na kowa ba ne, ɗan kasuwa kuwa da ya zuba kuɗinsa ba zai yi barci ba. Mu da muka tashi a kasuwa ba za mu ce wannan magana ƙarya ce ba. Mun san bambancin yadda yaro ke kula da shagon ubansa da yadda yake kula da famfon unguwa.

Hasali ma akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa, ko da ba za ta yi wa wasu abokan gwagwarmayarmu daɗi ba. Ga mutumin da ke zaune a jihar da ba ta ɗauke shi ɗanta ba, kasuwa tana da wani adalci da ofishin gwamnati ba shi da shi, domin mai sayarwa ba ya tambayar takardar shaidar asali. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, kuma a Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. Kafin nan layukan tarho da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Da farko layi ɗaya ya kai Naira dubu 20, amma da Glo ya shigo a 2003 ya fara caji a kan daƙiƙa, sai sauran suka bi dole, farashi ya yi ta sauka har layi ya koma kusan kyauta. Dillalin shanu da a da sai ya jira direba ya kawo masa saƙo daga Potiskum ko Maigatari, yau yana zaune a kara yana jin farashi kafin a yi lodi. Mai goro a Shagamu yana ciniki da Sakkwato ba tare da ya taka tasha ba. Babu wanda ya tambaye mu garin kakanmu kafin ya sayar mana da layi.

To me ya sa abin ya yi kyau a waya? Saboda idan kamfani ya ɓata maka rai, cire layinsa za ka yi ka sa na wani. Tsoron wannan ne yake sa ɗan kasuwa ya gyara halinsa. Duk inda babu wannan tsoro, labarin daban ne, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe, wato a kan wutar lantarki.

A 2005 aka yi dokar gyaran harkar wuta. NEPA ta koma PHCN, aka yanka ta gida 18: kamfanonin rarrabawa 11, na samarwa 6, da na dakon wuta guda ɗaya wanda ya ci gaba da zama a hannun gwamnati. Aka kuma kafa hukumar NERC don sa ido da tsayar da farashi. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin ga waɗanda suka saya, inda a kamfanonin rarrabawa 'yan kasuwa suka karɓi kashi 60 cikin ɗari, gwamnati ta riƙe 40. Legas ta samu biyu, na Ikeja da na Eko, sai na Ibadan, Binin, Inugu da Fatakwal a nan kudu. Alkawarin da aka yi mana shi ne sababbin masu kamfani za su zuba jari, su sa wa kowa mita, su rage asarar wuta a kan waya.

Abin da ba a bayyana wa jama'a sosai ba shi ne, yawancin masu sayen da rancen bankunan cikin gida suka biya, wani ma da dala. Wanda ya ci bashi ya sayi shago, da me zai zuba kaya? Da Naira ta ƙara faɗuwa, bashin ya kumbura. Tun a 2015 masu kamfanin Yola suka mayar wa gwamnati da kayanta saboda rikicin Boko Haram. A ƙarshen 2021 banki ya karɓe ragamar kamfanin Abuja, a Yulin 2022 kuma aka yi haka ga na Kano da Kaduna da Binin, yayin da hukumar AMCON mai karɓar basussuka ta riƙe na Ibadan. Kuma kada a ɗauka gwamnati ta huta da kashe kuɗi. Babban Banki ya fitar da Naira biliyan 213 don ceto harkar jim kaɗan bayan sayarwa, a 2017 aka amince da wasu biliyan 701 don biyan masu samar da wuta, a 2025 kuma kamfanonin samarwa suka ce suna bin bashin da ya kai tiriliyan 4. Wutar da ake rabawa ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 kuwa ta daɗe tana kai-kawo tsakanin megawat dubu 4 da dubu 5. Ke nan an sayar, amma idan asara ta zo baitulmali ne ke ɗauka, baitulmali kuwa aljihunmu ne.

Waya ɗaya ce ke shiga gidanka, ba ka da ta biyu. Idan kamfanin yankinka ya kawo maka takardar kuɗi ta ƙiyasi, babu layin da za ka cire ka jefar. Alƙaluman NERC sun nuna a ƙarshen 2024 fiye da rabin masu rajistar wuta ba su da mita, shekara 11 bayan alkawari. Mu kanmu a unguwarmu mun ga abin da ido. Taransifoma ta ƙone, muka yi wata da watanni a duhu, masu firji da masu niƙa da teloli suka koma janareta, daga bisani aka bi gida-gida aka tara kuɗi aka sayo sabuwa. Ranar da aka ɗaura ta, ta zama kayan kamfani. Wata na zagayowa sai ga takardar kuɗi har da na watannin duhu. Da muka je ofis, amsar da muka samu ita ce mu fara biya sannan a duba.

A 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, gwargwadon awoyin da ake ba su: rukunin A aƙalla awa 20 a yini, B 16, C 12, D 8, E kuma awa 4. Ranar 3 ga Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Hukumar ta ce kashi 15 cikin ɗari na masu wuta kawai abin ya shafa, kuma masu hali ne. Jama'a, ku duba wannan lissafi da kyau. Rukuni yana bin layin da ya ratso unguwa ne, ba ya bin aljihun mai gida. Talakan da ɗakinsa ya faɗo a layi ɗaya da masana'anta ko otal, kuɗin masu hali zai biya. Wanda kuma ya faɗo a rukunin D ko E, kamfani ba shi da kwaɗayin kai masa wuta, tunda kowane yunit da aka tura wa rukunin A ya fi kawo kuɗi ninki uku. Sannan akwai rangwamen da aka tanada ga wanda ba ya shan fiye da yunit 50 a wata. Ina gidan haya mai ɗaki ashirin a kan mita ɗaya zai shiga wannan rangwame? Irin gidajen da yawancinmu ke ciki ke nan a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa tun 1916. Wanda ya tsara rangwamen yana tunanin iyali ɗaya, ƙofa ɗaya, mita ɗaya.

Akwai kuma wani sauyi da muke roƙon kowa ya sa masa ido. A 2023 an gyara tsarin mulki, an kuma yi sabuwar dokar wuta wadda ta bai wa jihohi ikon kafa hukumominsu na sa ido. A 2024 NERC ta ba da umarnin miƙa wannan iko ga jihohi irin su Inugu, Ondo, Ekiti, Imo, Oyo, Edo, Legas da Ogun. Wannan yana iya zama alheri, domin ofishin kai kuka ya matso kusa. Amma mun san cewa a matakin jiha ne maganar ɗan asali da baƙo ta fi ƙarfi. Idan jiha ce za ta yanke wace unguwa za a fara kai wa taransifoma, wa za a saka a kwamitin masu amfani da wuta, wa za a yi wa rangwame, to lalle ne mu kasance a wurin tun ana rubuta ƙa'idojin.

Batun man fetur kowa ya san shi, ba sai mun ja ba. Ranar 1 ga Janairu 2012 lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141, aka cika dandalin Ojota da titunan Kano da Kaduna, gwamnatin Jonathan ta sauko zuwa 97. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabin rantsuwa, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, a 2024 ta haye dubu. Ba mu musun cewa an yi sata a tsarin tallafin, binciken majalisar wakilai na 2012 ya nuna an biya kuɗin man da ba a shigo da shi ba. Abin da ya dame mu shi ne wannan: tallafin mai, duk da ɓarnarsa, shi ne taimakon gwamnati guda ɗaya da ke isa ga kowa ba tare da cike takarda ba. Ɗan acaba da mai tura ruwa da direban da ke ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Mile 12 duk sun ci moriyarsa a famfon gidan mai. Da aka cire shi, kuɗin da aka samu ya ƙaru ne a kason da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi, kuma rabon kayan rage raɗaɗi ya bi ta hannun gwamnoni da kansiloli da shugabannin unguwanni. Ko Naira dubu 25 sau uku da aka yi alkawari ga gidaje miliyan 15 a 2023, daga rajistar marasa galihu ake ɗauko sunaye, rajistar kuwa jihohi ne ke tattara ta ta hanyar al'ummomi. Ku tambayi kanku, mutum nawa a layinku aka taɓa rubutawa?

Haka zancen yake a ilimi da lafiya. Da gwamnati ta rage hannu, sai kuɗin makaranta ya hau, abin da ya rage na sauƙi kuma, wato gurbin karatu da tallafin ɗalibai da rangwamen kuɗi, aka keɓe shi ga 'yan asali. Jami'o'in jihohi da dama suna da farashi biyu. Yaron da aka haifa a nan, ubansa ma a nan aka haife shi, harajinsu a nan suke biya, sai a ce ya je ya samo takarda daga ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba, can kuma a ce ba a san shi ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi cikakken rahoto kan wannan a 2006. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan jihar ba tana kafa hujja da nauyin sabon albashi, kuma mafi yawansu Inyamurai ne 'yan'uwansu daga maƙwabtan jihohi. Wannan ya nuna mana cewa idan tuwo ya ƙaranta, baƙo ake fara janye wa kwano. Kuma don Allah kada mu yi kamar ba mu san cewa jihohinmu na arewa suna yi wa Bayerabe da Inyamurin Sabon Gari irin wannan ba. Ba za mu iya neman a nan abin da muke hana wasu a can ba, kuma duk wanda ke da bakin magana a gida ya kamata ya faɗa.

Me doka ta ce? Babi na biyu na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina, sashe na 16 ya hana tattara dukiya a hannun 'yan tsiraru, na 17 ya yi maganar magani, na 18 ilimi kyauta. Sai dai sashe na 6 ya ɗaure hannun kotu a kan wannan babi gaba ɗaya, ba za ka iya kai ƙara don an ƙi cika shi ba. Amma sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini, yana babi na huɗu ne, shi kuwa ana zuwa kotu da shi. Haka dokar UBE ta 2004, wadda ta wajabta ilimin shekara tara kyauta ga kowane yaro, doka ce da majalisa ta yi, ba ta kuma ce ɗan asali ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa tare da tanadin asusu don marasa ƙarfi. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci yake fita.

Wani zai ce ai haka duniya ta koma, babu makawa. Mu ba mu yarda ba, saboda mun ga inda aka ja birki. Ita kanta Thatcher da ta sayar da ruwa da gas ba ta iya sayar da hukumar lafiya ta NHS da aka kafa a 1948 ba, domin ta san ranar da ta taɓa ta ranar za ta faɗi zaɓe. Kamfanin da aka sayar wa layukan dogo a Ingila ya durƙushe a 2001, a 2024 kuma majalisarsu ta yi dokar mayar da jiragen fasinja hannun hukuma. Gana ta sha wuyar tsarin biya-kafin-magani, har ya zama abin yaƙin neman zaɓe, aka kawo inshorar lafiya ta ƙasa a 2003. Ba sai mun je nesa ba: a 2011 gwamnatin Legas ta ɗaga kuɗin jami'ar jihar daga Naira dubu 25 zuwa kusan dubu 200 har sama da dubu 300, ɗalibai suka yi ta fafutuka shekara uku, a Agustan 2014, zaɓe saura 'yan watanni, aka mayar da shi dubu 25. Abin da ake ciro wa daga nan shi ne, ana sauke nauyin gyara ne a kan wanda ba a jin tsoron ƙuri'arsa.

To a nan laifin ya dawo kanmu, kuma iyayenmu su yi mana afuwa. Da yawa daga cikinmu sun shekara talatin a nan, amma katin zaɓensu na gida ne. Lokacin rajista a cika mota a tafi, lokacin ƙidaya a tafi. Kansilan mazaɓar da muke kwana a cikinta ya san ba mu ne muka kawo shi ba, ba mu ne za mu cire shi ba, to don me zai sa sunanmu a rabon shinkafa ko ya bi mana kadin taransifoma? Muna biyan kuɗin tikiti a kasuwa kullum, ga na shara, ga na 'yan tasha, amma rasit ɗin ba ya kwana a aljihunmu. Ranar da aka ce kawo shaidar biyan haraji kafin a karɓi yaro a makaranta, sai mu tsaya muna rantsuwa.

Saboda haka kwamiti yana ba da shawara ga wanda ya san nan ne mazauninsa ya nemi INEC ta mayar masa da katin zaɓe zuwa mazaɓar da yake zaune duk lokacin da aka buɗe rajista, doka ta ba shi wannan dama. Mazauna Legas su yi rajista da hukumar LASRRA, wadda aka kafa a 2011 don rubuta duk mai zama a jihar ko daga ina ya fito, su kuma bincika shirin inshorar lafiya na Ilera Eko. Sauran jihohi ma suna da hukumomin inshorarsu. Ɗalibanmu da ke manyan makarantun gwamnati su san da asusun rancen karatu na NELFUND da ya fara karɓar buƙatu a 2024, babu ruwa a kansa, kuma lambar NIN da BVN da shaidar JAMB ake nema. Mu dai a ganinmu mayar da ilimi bashi ba abin alfahari ba ne, amma tunda an kafa shi da kuɗin kowa, kada a bar namu a baya.

Dangane da wuta, tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a caji wanda ba shi da mita, kuma ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turaku da waya nauyin kamfani ne. Idan dole ta sa unguwa za ta saya, a rubuta yarjejeniyar yadda za a mayar da kuɗin kafin a ɗaura. Ƙorafi kuma a rubuce ake kai shi, a fara da sashen ƙorafi na kamfani, a karɓi shaidar an kai, idan ba a warware ba a wuce zuwa zauren sauraren ƙorafi na hukumar da ke sa ido a jihar. Mun san da yawa ba su iya rubuta irin wannan takarda da Turanci ba, don haka matasanmu biyu za su riƙa zama a ofishin ƙungiya kowace Asabar bayan la'asar don wannan aiki, ba a biyan komai. Mai zuwa ya taho da takardun kuɗin wutarsa na wata shida, da lambar mita idan akwai, da duk rasit ɗin da unguwa ta ajiye na kuɗin taransifoma. Masu unguwanni kuma muna roƙon su kawo mana sunayen gidajen da ke kan mita ɗaya kafin taro na gaba, domin da su za mu rubuta takardar da za mu kai wa hukumar wuta ta jiha.